Jirgin Gawo

Gidanmu gidan masassaƙa ne. Turmi muke yi, da taɓarya, da akushi, da kujerar mata, da ƙotar fartanya, wani lokaci da allo idan malaman gari sun aiko. Tun da na buɗe ido ƙarar gizago nake ji a zaure, kuma har na yi aure na haihu ban taɓa sassaƙa abin da zai shiga ruwa ba. Wannan duk kafin zuwan Turawa ne, lokacin da umarni daga Sakkwato kaɗai yake fitowa, ba a kuma ja iyaka tsakaninmu da Ƙonni ba. Illela a lokacin 'yan gidaje ce da rijiya da ƙaramar kasuwa.

Akwai tabki kusa da gari. Da damina yakan cika ya bazu har ido ya kasa ganin ɗaya gefen, da rani ya janye ya bar laka mai tsagewa. Ba shi da zurfi, a mafi yawan wurare ruwan ba ya wuce ƙirjin mutum. Masuntanmu ba su san jirgi ba, da gora suke su, wato kamun kifi. Gora ƙaton duma ne mai baki a sama. Mutum yakan kwanta a kansa rub da ciki, ƙafafunsa a cikin ruwa suna turawa, homa a hannu, wato raga mai zagayayyen baki, in ya kama kifi ya ɗaga ƙirji ya jefa a cikin goran.

A tsakiyar tabkin akwai wurin da ake kira gurbi. Shi ba ya ƙafewa ko a shekarar fari. Ruwansa bai fi na sauran wurare zurfi sosai ba, amma ƙarƙashinsa laka ce da ba wanda ya san iyakarta, kuma burugu ya rufe shi, ciyawar nan mai dogayen jijiyoyi da ke naɗe ƙafa. Tunda mai gora ƙafarsa a ruwa take, an hana shiga gurbi tun zamanin uban sarkin ruwan da muka sani.

Mijin ƙanwata masunci ne, mutum mai ƙatuwar murya da wushirya, wanda ba ya wuce zaurenmu bai tsokani Baba ba. Wata shekara bayan kaka, da aka buɗe su, ya fita da safe tare da jama'a, aka dawo bai dawo ba. Da la'asar iska ta koro goransa bakin ruwa, da tarwaɗa a ciki suna motsi. Wani ya ce ya gan shi ya nufi wajen gurbi. An yi kwanaki ana nema a gefe-gefe, ba a ga komai ba.

Da a nan maganar ta tsaya da an yi ta'aziyya an watse. Amma a makon nan wani ayarin fatake ya yi zango a ɗaya gefen tabkin kafin ya wuce arewa, kuma ba da daɗewa ba wani ya dawo daga kasuwar Ƙonni ya ce ya hangi mutum mai irin tafiyarsa, daga baya ya gan shi, bai ga fuska ba. A shekarun nan kuwa ana kama mutum a daji a sayar, kowa ya san haka. Sai labari ya zama biyu. Mahaifiyarsa ta kama na biyun ta riƙe.

Baba ya kai maganar gaban alƙali, na raka shi.

"Akwai wanda yag ga gawa?" in ji alƙali.

"Babu, Allah gafarta malam."

"Akwai wanda yag gan shi shina nutsewa?"

"Gora dai munka gani."

"Gora ba shi ba da shaida, dattijo."

Ya yi mana bayani a hankali, ba da gaggawa ba. Matar da mijinta ya ɓace, ba a san ransa ba, ba a san mutuwarsa ba, za ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba, sannan ta zama mai ikon kanta. Idan an sami gawa, ko shaidu biyu da suka ga mutuwarsa, sai a yanke hukunci nan take.

Ƙanwata ta ci gaba da zama a gidan mijin tare da surukarta. Ba matar aure ba ce, ba kuma mai takaba ba. Ba a yi masa salla ba, ba a yi sadakar uku ba, balle ta arba'in. Mata in sun haɗu da ita a rijiya ba su san irin gaisuwar da za su yi mata ba. Wasu su ce ya haƙuri, wasu su ce ina labarin maigida, da yawa kuma su sunkuyar da kai su ja gugarsu. Ranar da ta sa kwalli aka ce ta manta da shi. Ranar da ta bar kanta ba kitso surukarta ta ce tana yi wa ɗanta fatan mutuwa. Kullum tsohuwar nan sai ta zuba tuwonsa a akushi ta rufe da faifai, da safe ƙanwata ce ke ɗumama shi ta ba yara.

Ni na taɓa ganin jirgi sau ɗaya, a mashigin gulbi, lokacin da muka kai turame Sakkwato a kan jakuna. Na shiga, an ƙetare da ni, amma tsoro ya sa ruwan na yi ta kallo, ban kalli jirgin ba. Abin da ya rage a kaina shi ne dogon gungume ne da aka raraka cikinsa. Na ce a raina ai wannan aikin gidanmu ne. Wanda ke cikin jirgi ƙafarsa ba ta taɓa burugu. In gawar tana gurbi zan same ta, ƙanwata ta huta da jiran shekara huɗu.

Na je wurin sarkin ruwa na durƙusa na faɗa masa. Tsoho ne mai jajayen idanu, yana gyaran homa bai ɗago ba.

"Neman gawa na ruhe, kuma ba ni buɗewa," ya ce. "In na buɗe, gobe ƙannensa za su bi ka bisa gora, in rasa wasu."

"Ranka shi daɗe, to in su zan yi fa?"

Ya ɗago ya dube ni. "Masassaƙi da su?"

"Yara na gidan, suna bukatar mahaɗin miya."

Ya ƙulla zarensa. "In su za ka yi, yi. Ka kawo rabon sarki kamar kowa. Abin da sandarka tat taɓa a ƙasa, tsakaninka da Allah."

Baba ne ya zaɓi itacen, ni kuma ban yi musu ba, don da ni aka tambaya shi zan zaɓa. Ƙirya muka sare. Duk masassaƙi ya san ƙirya: gara ba ta cinta, ruwa ba ya ruɓar da ita, turminta yakan yi jika da kaka. Abin da zai zauna cikin ruwa, in ji Baba, ai sai itacen da ba ya tsoron ruwa. Muka same ta a dajin Araba, muka kayar, muka fara aiki a nan inda ta faɗi, don jakai ba za su iya jan ta ba.

Ƙirya tana cin ƙarfe. Kullum sai mun wasa gatari da gizago sau da yawa, maƙeri ya gaji da ganinmu. Muka raraka cikin yadda muka iya, yadda aka koya mana. A gidanmu abin kunya ɗaya ne, a ce turminka ya fashe a gindi. Saboda haka muka bar wa jirgin gindi mai kauri kamar tsawon tafin hannu, muka bar gefuna masu kauri, muka zagaye ƙasan sumul kamar cikin turmi. Baba yakan buga shi da ƙotar gizago ya saurara. In ya ji amo mai nauyi, dum, sai ya gyaɗa kai.

"Wanga har jikokinka," ya ce.

Aikin ya ci sanyi duka ya shiga bazara. Ranar da za a sa shi a ruwa sai da muka tara majiya ƙarfi aka mirgino shi a kan guntayen itace. Masunta suka bar gorunansu suka taru. Ƙanwata ta tsaya can nesa ƙarƙashin wata bagaruwa da goyo a baya.

Muka tura shi. Bai nutse nan take ba. Ya zauna a ruwa kamar bijimin sa a cikin laka, bakinsa saura kaɗan ya yi daidai da ruwan. Na ɗora ƙafa ɗaya, ya karkata, ruwa ya shiga ta gefe a hankali, ba ƙara, ba kumfa. Na janye ƙafata na tsaya ina kallo har ya kwanta a ƙasa. Ruwan wurin iya cinya ne, ana ganin bakinsa baƙi a ƙarƙashi.

"Baba, a kawo taɓarya?" in ji wani masunci. "Mu daka ruwan ga shi yi laushi."

"A'a, ku bar shi," in ji wani. "Tarwaɗa sun samu ɗaki. Saura a sassaƙa musu kujera."

Baba ya matso bakin ruwa. Ya naɗe wandonsa ya shiga ruwan, ya sunkuya ya shafa gefen jirgin da hannu, kamar mai neman inda ya tsage. Bai tsage a ko'ina ba. Aikin ba shi da aibi ko ɗaya, in da turmi ne. Da na waiwaya wajen bagaruwa ƙanwata ta riga ta tafi.

Bayan 'yan kwanaki ta zo gida gaida Baba. Ta tarar da matata tana wanke-wanke, ta karɓe ta, ta zauna gaban kwatarniya cike da ruwa. Ina zaune a inuwa ina gyara ƙota. Sai ta kira ni.

"Yaya, taho ka gani."

Ta ɗora wani akushi a kan ruwan, irin wanda Baba ke yi wa amare, marar kauri, mai faɗin gindi. Ya tsaya cak. Ta ɗauki dutsen niƙa ƙarami, ɗan da ake murza yaji da shi, ta sa a ciki. Akushin ya ɗan sauka, ya tsaya. Ta ƙara ludayi da wata 'yar tukunya. Bai nutse ba.

"Mi kunka yi nuhin yi, turmi ko akushi?" ta ce.

Na kira Baba ya fito ya tsaya a kanmu, ya daɗe yana kallon kwatarniyar. Akushin aikin hannunsa ne. Ya san yadda ake fiƙe itace har ya kusa zama ƙwarya, ya fi kowa sani a ƙasarmu. Girman gungumen ne ya sa da shi da ni muka tuna turmi, ba mu tuna akushi ba.

"Ɗiyar ga," ya ce, ya koma zaure.

Amma bazara ta riga ta ƙare. Ruwa ya sauka, tabki ya cika ya shafe gurbi, aka rufe su. Shekara ɗaya daga cikin huɗun ta kusa tafiya.

Itace marar nauyi muke nema yanzu, mai kauri da tsawo, kuma a ƙasarmu gawo ne kaɗai haka. Gawo kuwa ba a sare shi. Mai gona yana son sa don gero na yin kyau a ƙarƙashinsa, makiyayi yana son sa don 'ya'yansa ne abincin dabbobi da rani, wasu kuma suna cewa ba a rasa mai zama a cikinsa. Muka jira. Cikin damina iska ta kayar da wani babba a wata gona a Tozai. Mai gonar ya ce mu ɗauka, ya huta da shi. Wata Bafillatana da ke wucewa da ƙwaryar nono ta tsaya ta dubi itacen a kwance, ta ce awakinta sun yi rashin uwa.

Gawo yana da laushi a gizago, yana fitar da wari mai tsami in yana ɗanye. A wannan karon muka daidaita ƙasan ya zama shimfiɗaɗɗe kamar gindin akushi, muka fiƙe kai da wutsiya. Wahalar tana wurin rage kauri. Akushi ana auna shi tsakanin tafin hannu biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, har ka ji ɗumin ɗayan hannun. Jirgi ya fi ƙarfin hannu biyu a ƙasansa, sai dai a buga a saurara. Kunnen Baba kuwa amon turmi ya saba da shi. In ya kai wani kauri sai in ga gizagonsa ya tsaya da kansa.

"Ya isa," ya ce.

"Baba, da saura."

"Za ka huda shi."

"In ya huje mu toshe."

"A gidan ga ba a taɓa toshe aiki ba."

Kwana biyu bai zo Tozai ba. A rana ta uku ya zo, ya zauna a kan reshe, ya ce in yi, shi zai saurara. Na ci gaba da fiƙewa, ina bugawa, amon yana sauyawa daga dum zuwa wani abu mai kama da ganga. Ya rufe ido yana ji. Da na kai wani wuri kusa da wutsiya ya ɗaga hannu, na tsaya, kuma daidai ne, saura kaɗan in fasa. Duk da haka da itacen ya fara bushewa sai ya tsage a gefe ɗaya, tsawon kamu. Muka cusa auduga da man kaɗe. Baba ne ya cusa da kansa, da bakin wuƙa.

Wannan jirgin mutum shida sun ɗauke shi a kafaɗa. Muka rufe shi da tabarmi don kada rana ta ƙara tsaga shi, muka kamo hanyar gari da hantsi. A hanya muka haɗu da wani baƙo a kan jaki. Da ya hango dogon abu rufe da tabarma a kafaɗun mutane sai ya sauka, ya cire takalmi, ya zo ya sa kafaɗarsa ya karɓi ɗaya daga cikinmu, kamar yadda ake yi wa makara. Ya yi 'yan taku yana addu'a a hankali. Ba wanda ya iya gaya masa. Da ya saki ya ce Allah shi jiƙan rai, sai muka ce amin.

Bayan kaka aka buɗe su, muka sa shi a ruwa. Mutane ba su taru kamar na farko ba. Ya hau ruwan ya tsaya a sama kamar busasshen ganye. Na shiga, ya yi rawa, ya tsaya. Baba ya juya ya tafi gida tun kafin in ɗauki sanda.

Tuƙi ma sai da na koya. Doguwar sanda ake kafawa a ƙasa a tura. Da farko zagaye na yi ta yi a wuri ɗaya, masunta na kwance a kan gorunansu suna ba ni shawara.

"Masassaƙi, gabas muka ce, ba ɗawafi ba."

Na faɗa ruwa iya gwiwa ba sau ɗaya ba. Amma kafin sanyi ya yi ƙarfi na iya, har na koyi jefa homa daga tsaye.

Ranar da na fara shiga gurbi da hantsi ne, rana tana da haske. Burugu ya fi ni tsawo ina tsaye. Da na shige ciki sai muryoyin masunta suka yanke, ban ƙara jin komai ba sai ciyawa tana goga gefen jirgi. A tsaka akwai 'yan filaye inda ruwa yake kwance, baƙi, da furannin bado a kai. Na kafa sanda, ta shige, ta ci gaba da shigewa, har hannuna ya taɓa ruwa ba ta tsaya ba. Da ƙyar na zaro ta.

Daga nan na koyi ji da sanda. Laka tana da nata taushi. Jijiyar ciyawa tana riƙewa ta saki. Gaiwa in ka taɓa ta a cikin laka takan murɗa, ka ji motsin har kafaɗa. Na raba gurbin a kaina kamar yadda ake raba gona, ina bi kunya-kunya, ina soka sanda kowane taku. Duk lokacin da ta taɓa wani abu da ban gane ba sai in tsaya, in sake sokawa. Sau da yawa tushen bado ne.

Kifi kuwa akwai shi. Wurin da ba a yi su a cikinsa ba tun zamanin kakanni, tarwaɗa sun yi girma sun yi ƙiba, wasu kamar cinyar mutum. Ina cika jirgi kafin azahar. Na kai rabon sarki, na musanya saura da gero a kasuwa, geron na kai gidan ƙanwata. Mutane suna son kifin gurbi, suna cewa ya fi maiƙo. Kowa ya san abin da tarwaɗa ke ci, duk abin da ta samu a ƙasa, amma ba wanda ya faɗa. Ranar farko na kai wa ƙanwata guda biyu manya. Ta dube su a cikin ƙwarya, gashin bakinsu na motsi.

"Daga ina?"

"Daga ruwa."

"Yaya, daga ina?"

Na faɗa mata. Ta ce in mayar. Ni ma ban taɓa sa shi a baki ba, kuma na hana a dafa shi a gidana.

Duk yamma in na dawo sai in bi ta ƙofar gidansu. Ba ta tambaya, ni ma ba na cewa komai. Takan fito ta dubi hannuna, ta ce sannu da aiki, ta koma. Haka wannan shekarar ta wuce, damina ta sake rufe gurbi, aka sake buɗewa.

A bazarar shekara ta uku ruwa ya ja baya fiye da yadda aka saba. Gurbi ya ragu, laka ta yi kauri. Wata safiya sandata ta daki wani abu mai tauri a wurin da na sha bi. Na sa homa na kwaso laka, na wanke a gefen jirgi. Haƙarƙari ne guda uku, da dogon ƙashi na ƙafa, da muƙamuƙin ƙasa da haƙora a jiki. Duk sun yi baƙi. Na cire rigata na naɗe su, na kafa sanda a wurin don alama, na tuƙa da hannu da guntun itace har na fita.

Sarkin ruwa ya buɗe rigar ya duba, ya rufe.

"Gurbin ga ya ci ƙanen ubana," ya ce. "Ya ci wani Bahillace da yab bi saniyarsa. Ya ci wata mata da ba a son hwaɗin sunanta. Waɗanga na sani. Wane ne kaɗ ɗauko, ban sani ba."

"Laka tana baƙanta ƙashi da wuri?"

"Tana yi. Tana kuma aje na da kamar na jiya."

Wushiryar mijin ƙanwata a haƙoran sama take. Da na sami ƙoƙon kai da magana ta ƙare, ko ta nan ko ta can. Na koma wurin da na kafa sanda, na yi kwanaki ina kwasar laka har homata ta yage. Na sami wasu ƙananan ƙasusuwa na hannu. Kan ban same shi ba.

Alƙali ya saurare mu kamar wancan karon, ya sa aka buɗe, ya duba da kansa.

"Ɗan Adam ne, a yi mishi sutura a binne," ya ce. "Salla sai an samu mafi yawan jiki. Amma in ce wane ne, ban iya ba, kuma ku ma ba ku iya ba. Ta ƙarasa abin da yar rage."

Kafin mu kai su maƙabarta ƙanwata ta aiko tana son gani. Baba ya ce a'a. Na ce ba buɗewa za a yi ba. Na kai mata ƙunshin a cikin farin ƙyalle, a zauren gidansu. Ta karɓa da hannu biyu, ta riƙe kamar mai auna nauyin hatsi. Ta daɗe a haka. Sannan ta miƙo mini.

"Ku tahi da shi, rana na yi," ta ce.

Washegari ta cire awarwaronta, ta tsefe kai, ta ɗaura tsohon zane, ta shiga ɗaki. Ba wanda ya umarce ta, ba wanda ya zo ta'aziyya. Surukarta ta tsaya a ƙofar ɗakin, ina tsakar gida ina ji.

"Wa yam mutu a gidan ga?"

"Inna, ki zauna, rana ta yi zahi."

"Nic ce wa yam mutu?"

Tsohuwar ta juyo gare ni ta ce na je na tono ƙashin wani Bafillace na kawo mata gida, Allah ya isa tsakaninta da jirgina. Mai yiwuwa kuwa gaskiyarta ne.

Ƙanwata ta cika wata huɗu da kwana goma a ɗaki, ita kaɗai ta san lissafinta. Ranar da ta fita ta yi wanka ta yi kitso, ba taro, ba sadaka sai ɗan ƙosai da ta ba yaran unguwa. A wurin shari'a kuwa tana nan matar aure. Ta ci gaba da jira har shekara huɗun suka cika. Alƙali ya aiko aka gaya mata ta shiga takaba. Ta sake cire awarwaro, ta sake tsefe kai, ta sake shiga ɗakin nan. A wannan karon mata sun zo, an yi sadaka, liman ya yi addu'a. Ta karɓi gaisuwa da idanu busassu, har wasu suka yi gulmar hakan.

Bayan ta fita wani manomi daga Lafani ya nema, mutumin kirki mai sanyin magana, aka ɗaura. Ta haifa masa 'ya'ya, ta ga jikoki. Ni na ci gaba da yin su a gurbi har jirgin ya ruɓe, na sassaƙa wani, wasu masunta ma suka zo na yi musu. Ban daina soka sanda ba, ko bayan ba sauran wanda amsar za ta amfana.

Shekara da shekaru bayan haka na je Lafani duba ta, mu duka mun tsufa, mijinta na biyu ma ya rasu. Muna zaune a tsakar gida da la'asar tana ɓarar gyaɗa, sai wani ya yi sallama a ƙofar gida, namiji, da murya mai ƙarfi. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Ta karkata kai, ba ta numfashi, har mutumin ya sake sallama, jikanta ya amsa, aka ji mai sayen akuya ne. Sannan ta ci gaba da ɓara.

"Har yanzu?" na ce.

"Kowace sallama, Yaya," ta ce. "Miƙo min faifan can."